Ƙwaryar Inna a Ƙasar Masai

Ƙas! Abin da na ji ke nan daga falo, ina kicin ina tsane shinkafa. Ƙarar ba ta fi ta karya tsinken tsintsiya ba, amma a gidan da babu kaza babu akuya, sai gurnanin esi safe da yamma, kunne yakan kama komai. Na fito ina goge hannu da gefen zane, na duba gilashin taga, na duba kofunan shayi, lafiya lau. Sai da na ɗaga kai saman kabad na gani: ƙwaryar Inna ce ta tsage, daga baki har kusa da gindi.

Inna mahaifiyata ce. Fura take sayarwa a ƙauyenmu, can bayan Ɗambatta, kuma a wannan ƙwaryar take dama wa mahaifinmu tasa furar tun ina ƙarama. Ranar da zan taho Dubai wurin maigidana, ta naɗe ta a zane ta tura cikin akwatina, ta ce, "Can ba za ki samu irinta ba." Shekara tara ta yi a saman kabad a filat ɗinmu na Al Nahda, hawa na shida, rufe da faifai. Ko ruwa ban taɓa zuba mata ba don tsoron kada ta lalace. Duk Juma'a nakan sauko da ita in goge in mayar, kuma na kafa doka ba mai taɓa ta sai ni.

Wadda aka kafa wa dokar ita ce Walida, 'yata ɗaya tilo, lokacin tana shekara takwas. Sunan Inna ta ci, shi ya sa muke kiranta haka. A Dubai aka haife ta. Hausa tana ji sarai, amma da Turanci take mayar da amsa, in ta ga dama ta yayyafa Larabcin makaranta. Ba ta san kara ba, abin da ke ranta shi ke bakinta. Ba a kwana biyu ban ce mata, "Walida, ke dai ba ki da kunya" ba.

Ta same ni zaune da ƙwaryar a cinya, ta leƙa tsagar, ta ce da Turancinta, "Khalas, shi ke nan, Umma, ki jefar mana. Abba ya sayo miki sabuwa a kanti."

"Ba a kanti ake yin ta ba. A gona take fitowa."

Ta yi dariya, ta ɗauka zolayarta nake.

Kwana goma bayan nan aka bugo daga gida cewa jikin Inna ya yi tsanani. Ban yarda da camfi ba, na san ƙwarya ba ta sanin gaibu, amma da nake haɗa kaya ita na fara sawa a jakar hannu. Farkon shekarar 2021 ne. Baban Walida yana aiki a wani sito na kayan jirgi a Al Quoz, bai samu hutu ba, ni da yarinyar muka tafi.

Na tarar da Inna da sauran magana a bakinta. Da na nuna mata ƙwaryar ta shafa tsagar da babban yatsa, ta yi murmushi. "Ashe tana nan. Ki kai wa Sule gyartai ya ɗinke, ba wani abu ba ne." Kwana goma sha tara muka yi tare. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Bayan sadakar arba'in na fita neman Sule gyartai, mai gyaran ƙwarya da basilla da zaren kaba, wanda muna yara yake zagaya gidaje yana kira. Aka ce ai ya daɗe da rasuwa. Na sami ɗansa a rumfar cajin waya, ya dube ni kamar na zo neman abin da aka daina yi tun zamanin kakanni.

"Yaya, wa ke ɗinke ƙwarya yanzu? Ga roba nan kala-kala. In kuma dole ne, kawo in sa miki gam."

Ban ba shi ba. Na ci kasuwa uku ina tambaya, kowa sai ya tura ni gaba. Saƙon Inna na ƙarshe ke nan gare ni, ɗan ƙaramin aike, na kasa isar da shi.

Muna cikin haka aka rufe hanyar jirgi tsakanin Najeriya da Dubai saboda annobar korona. Wata ya bi wata muna zaune. Ga shi kuma mai takardar zama in ya wuce wata shida a waje, takardar ta mutu. Dabarar da mutane suka samo ita ce ka je wata ƙasa ka yi kwana goma sha huɗu, ka yi gwaji, sannan a bar ka ka shiga. Bayan ƙaramar Sallah Baban Walida ya ce mu tafi Kenya, shi zai same mu a mako na biyu. Na ɗauki zanen da Inna ta fi so, baƙi mai ratsin fari, na naɗe ƙwaryar a ciki.

Zangonmu na farko Addis Ababa. A wurin bincike wata ma'aikaciya ta sa na buɗe jaka, ta warware zanen, ta ɗaga ƙwaryar da hannu ɗaya. Ta juya ta, ta ga tsagar, sai ta kama ta da hannu biyu. Ta faɗi wata magana da yarensu, ta yi alamar tatsar saniya da yatsu, na gyaɗa kai. Da kanta ta mayar da naɗin, ya fi nawa kyau.

Nairobi muka sauka da safe, sanyi kamar ana zuba ruwan randa a ƙashi. Akwai wani ɗan ƙasarmu da ya yi suna a waya wajen nema wa irinmu masauki. Tun muna Kano aka biya shi, ya turo hoton ɗaki har da labule. Muka tsaya a bakin filin jirgi tun hantsi, wayarsa a kashe. Na ɗauki tasi na nuna adireshin da ya bayar, aka kai mu wani wuri da ake facin taya. Mai facin ya dubi takardar ya girgiza kai, ya ɗaga yatsu huɗu, wato mu ne na huɗu da aka turo masa.

Ban san kowa ba a ƙasar nan. Abin da ya zo mini kawai shi ne na ce wa direban ya kai mu masallaci. Ya kai mu wata unguwa da ake kira Isili, ta Somaliyawa. Na shiga sashen mata na yi azahar, a sujadar ƙarshe kuka ya ƙwace mini. Ina sallamewa na ji an dafa kafaɗata.

Wata mata ce doguwa, mai haƙorin makka, sunanta Hajiya Faɗumo. Abaya take sayarwa, kuma a kasuwannin Deira ta Dubai take saro su, don haka da Larabcin kasuwa muka gane juna, ita tana karya shi ni ina karya shi. Ban gama bayani ba ta ɗauki akwatinmu ɗaya. "Yalla, habibti, tashi. Ba a kuka a gaban yaro." Ta ba mu ɗakin 'yarta da ta yi aure, a saman shagonta.

Abincin farko da ta kawo shinkafa ce da nama, da ayaba ɗanya a gefe, su haka suke ci. Walida ta dubi farantin ta ce da ƙarfi, "Umma, ayaba a cikin shinkafa? Kuskure aka yi?" Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Na mintsine ta a ɓoye, ta ce, "To me na yi?" Hajiya Faɗumo ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ƙyale ta. Wannan ko'ina aka jefa ta a duniya ba za ta kwana da yunwa ba."

Mako guda na yi ina taya ta ninke abayoyi, ina leƙen titi ta taga. Kiran sallarsu yana da daɗi, amma ba muryar ladanin ƙauyenmu ba ce mai tari kafin ya fara. In la'asar ta yi sai in ji kamar zan ji dakan Inna daga bayan katanga. Na tambayi Hajiya Faɗumo ko akwai mai ɗinke ƙwarya a garin, ta ce mutanen birni sun bar wannan, sai dai makiyaya a daji.

Rana ta takwas Baban Walida ya iso, ya rame, ya ce girkin kansa ne ya ramar da shi. Hajiya Faɗumo tana da maƙwabci, Malam Juma, dattijo Baswahile mai farar mota da ake ɗage rufinta, wadda a da yake kai Turawa kallon namun daji da ita. Annoba ta kore su, motar ta koma dakon kaya. Zai kai fulawa da man girki wani sansanin baƙi a dajin Masai Mara, ya ce in muna so mu bi shi, kwana uku. Baban Walida ya dube ni ya ce, "Tunda an tsare mu a ƙasar nan dole, mu je mu ga ikon Allah." Ni kuwa maganar makiyaya ce ta tsaya mini a rai. Ban gaya wa kowa ba, na sa ƙwaryar a jaka.

Hanyar ta bi gefen wani tsauni, ƙasa ta buɗe a gabanmu, kwari mai faɗi har ido ya gaji. Muka yi salla a Narok, garin ƙarshe, muka ci gaba. Da muka bar kwalta sai gargada ta fara. Motar tana tsalle, buhunan fulawa suna tsalle, ni kuma na rungume ƙwaryar a ƙirji kamar jaririya. Da muka tsaya na leƙa cikin zanen, tsagar ta ƙaru da gaɓar yatsa guda. Saura kaɗan ta rabe biyu.

Amma abin da na gani a dajin nan, ko yanzu in na rufe ido yana dawowa. Raƙuman dawa suna tafiya a hankali kamar matan da suka sha lalle. Jakunan dawa garke-garke, kowane da zanensa. Giwa ta tsallaka hanya a gabanmu da ɗanta a ƙarƙashin cikinta, Malam Juma ya kashe mota ya sa yatsa a baki, ba ka jin komai sai ƙarar ciyawar da take tugewa. Na yi ta tasbihi a zuci. Duk waɗannan a tatsuniyar Inna na san su, muna kwance kan tabarma a tsakar gida, ban taɓa zaton zan gan su da numfashi ba. Abin da ya sa ni hawaye kuwa ba zaki ba ne, ko da yake mun ga biyu suna barci a gindin itace kamar ba su ne ake tsoro ba. Balbela ce. Fara tas, tana bin sawun ɓauna, daidai yadda take bin shanun Fulani a fadamar garinmu.

Walida ta tsaya kan kujera, kanta a waje ta rufin mota. Muka ga wata dabba mai gajeren baya tana ɗingishi ita kaɗai.

"Umma, wannan fa da Hausa?"

Karo na farko ke nan da ta taɓa tambayata sunan wani abu da Hausa.

"Kura ke nan."

"Ita ce wadda Inna ta ce kullum ana yi mata wayo?"

Ashe tana saurare, cikin kwanakin nan goma sha tara. Daga nan ta riƙa tambaya tana maimaitawa: jimina, barewa, dorina, kada. Babanta yana zolayarta wai harshenta na Larabawa ne, tana cewa shi ma bai san sunan rabinsu ba, kuma gaskiyarta.

Rana ta biyu da la'asar Malam Juma ya kai mu rugar wasu Masai da ya sani. An kewaye ta da shingen ƙaya, shanu a tsakiya, ɗakuna gajeru na laka da kashin shanu, kuma matan ne ke gina su. Warin wurin warin ruga ne sak, hayaƙi da nono da turɓayar garke. Maza sanye da jan mayafi suka ja Baban Walida da Malam Juma can wajen shinge kallon bijimai. Ni da Walida aka bar mu da mata, ba mai jin yaren wani.

A nan na gan ta. Tsohuwa ce tukuf, kanta a aske ƙwal, kunnuwanta sun zubo da nauyin duwatsun ado. Tana zaune kan fata a ƙofar ɗakinta, ta matse wani dogon gora tsakanin gwiwoyi, tana huda shi da basilla tana ratsa zare. Ɗinkin ƙwarya take yi. Hannun nan, yadda take lasar zaren kafin ta zura, Sule gyartai ne ya dawo.

Ban tsaya jiran kowa ba. Na koma mota da sauri na ɗauko ƙunshin. Kuma na yi abin da aka koya mini tun ina yarinya in za a miƙa wa babba abu: na tuɓe takalmi, na durƙusa har ƙasa, na sunkuyar da kai, na miƙa mata da hannu biyu, a naɗe cikin zane. Da Hausa na ce, "Iya, ga shi, a taimaka mini."

Ta warware. Ta ɗaga ƙwaryar sama tana juya ta, tana duba zanen wuta da ke jikinta. Nasu gorunan dogaye ne, ba su da mai faɗin baki irin wannan. Ta kira matan suka kewaye mu, ƙwaryar tana yawo hannu zuwa hannu. Sai suka ɗauki waƙa, sarƙoƙin wuyansu suna rawa. Tsohuwar ta kama kaina ta yi mini ɗan tofi a goshi, irin na sa albarka. Ta cire sarƙar duwatsu daga wuyanta ta rataya mini a kan hijabi. Sannan ta yafa zanen Inna a kafaɗa, ta ɗauki ƙwaryar, ta sunkuya ta shige ɗakinta da ita.

Sai a lokacin na gane. Baƙuwa ta zo daga nesa, ta durƙusa, ta miƙa abu a naɗe da hannu biyu. Tsaraba ke nan a kowace ƙasa. Ta karɓa, ta sa albarka, ta yi tukwici.

Walida ta ja hijabina. "Umma, ta tafi da ita! Ki gaya mata!"

Na harare ta. Matan suna ta murmushi suna taɓa sarƙar da ke wuyana. Da Malam Juma ya dawo, tsohuwar ta fito tana yi masa bayani da fara'a, wata surukarta tana mayar masa da Swahili. Ya juyo ya ce da Turanci, "Mama Walida, ta ce ba a taɓa girmama ta haka ba." Ga mai fassara a gabana, kalma biyu ta isa. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ba komai. Allah Ya amfana."

A mota na fashe da kuka. Da Baban Walida ya ji abin da ya faru ya riƙe haɓa.

"Ke ma dai! To ki ce a ba ki kayanki mana."

"Da wane bakin? Tsohuwa ta sa mini albarka a gaban 'ya'yanta da jikokinta, sai in ce a fito da ita? Inna ma da tana raye ba za ta yafe mini ba."

"To ni in je."

"Kai namiji ka je ka karɓo ƙwarya a ɗakin tsohuwa? Ka rufa mini asiri."

Da muka kusa sansani Malam Juma ya tsoma baki. Ya ce gobe da sassafe za mu kama hanyar Nairobi, don da yamma aka ba mu lokacin gwajin korona, kuma in muka rasa shi jirginmu ya wuce. Kwanakin takardata kuma sun zo ƙarshe. Rugar ba a kan hanya take ba, ratse ne. Na ce a bar maganar, haka Allah Ya ƙaddara. Na faɗa da baki, amma ko shayi ban iya sha ba.

Da safe bayan mun yi asuba an loda kaya, Walida ta tsaya a ƙofar mota ta ƙi shiga. Ta harɗe hannu a ƙirji. Kuma da Hausa ta yi magana, Hausarta mai tuntuɓe.

"Umma, ke kina da kunya. Ni kin ce ba ni da shi. To ni zan faɗa."

"Ba ni da ita," in ji babanta, yana ƙoƙarin danne dariya.

"Ita ɗin. Ni zan faɗa."

Malam Juma ya dubi agogo, ya dubi yarinyar, ya ce, "Minti ashirin. Ko ɗaya ba zan ƙara ba."

Mun tarar ana fitar da shanu. Ni a bakin shinge na tsaya, kunya ta hana ni shiga. Walida ta wuce kai tsaye, ta sunkuyar wa tsohuwar da kai yadda ta ga yaransu suna yi, tsohuwar ta dafa kanta. Sai magana ta fara tafiya baki huɗu: Walida ta faɗa wa Malam Juma da Turanci, shi ya faɗa wa surukar da Swahili, ita ta faɗa wa tsohuwar da yarensu.

"Ka ce mata ƙwaryar kakata ce. Ta rasu. Sunanta nake da shi. Ta ce a ɗinke, kuma mai ɗinkin garinmu shi ma ya rasu. Ummata ɗinki take so, ba kyauta ta kawo ba. Kunya take ji, ga ta can tana ɓuya."

Na so in nutse. Maganar ta isa kunnen tsohuwar. Ta daɗe tana kallon Walida. Sai ta saki wata dariya, bakinta ba haƙori ko ɗaya a ƙasa, ta yafito ni da hannu. Na zo na durƙusa. Ta kama kunnena ta ja, ja na gaske, irin wanda rabona da shi tun ina gidanmu. Faɗanta ya biyo ta hanyar da maganar Walida ta bi.

"Ta ce, mace da girmanki, Allah Ya ba ki baki kin bar wa yarinya aikinsa? Ta ce da ta mutu da kayan marainiya a ɗakinta fa, wa zai ɗauki wannan?"

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar a tafin hannu biyu, tana tafiya a hankali, don cike take da madara. Ta riga ta ɗinke ta tun jiya, don kanta. Ɗinki ƙanana a jere da zaren jijiya, daga baki har gindi, an shafe da man shanu. Ko ɗigo ba ya fita. Ƙwaryar da na sani fara fat kamar ƙashi ta yi duhu tana sheƙi, ta koma yadda take a hannun Inna.

Ta sake tambaya, Malam Juma ya juyo. "Ta ce yaushe rabon ƙwaryar nan da nono?"

Na ce shekara tara.

Da amsar ta isa, matan suka yi wata ƙara gaba ɗaya, tsohuwar ta tafa hannu. "Ta ce ke kika fasa ta. Ƙwarya maiƙon nono take sha. In aka ajiye ta ana kallo, ƙishirwa ke kashe ta. Ta ce ɗinkinta zai riƙe, amma in kika mayar da ita inda kika ɗauko, za ta tsage ta wani gefen."

Na tambayi Malam Juma a hankali ko madarar zalla ce, don na ji ana cewa wani lokaci sukan gauraya da jini. Ya ce zalla ce, tatsar safiyar nan. Na yi bisimilla na kurɓa, tana ƙamshin hayaƙi. Walida, wadda a ƙauye ko furar gidanmu ba ta yarda ta taɓa ba, ta kama bakin ƙwaryar da hannu biyu ta sha har ta yi gashin baki fari.

Na kai hannu zan cire sarƙar in mayar, tsohuwar ta buge mini hannu. Ita kuma ta kama zanen Inna da ke kafaɗarta za ta cire. Na dube shi, baƙi mai ratsin fari, har yanzu da ɗan ƙamshin turaren Inna a jikinsa. Wannan karon na san abin da nake yi. Na riƙe hannunta, na gyara mata yafen, na ce wa Malam Juma, "Ka ce mata wannan kyauta ce. Da bakina na faɗa."

Mun isa wurin gwaji ana shirin rufe ƙofa, ƙura har cikin gashin ido. Hajiya Faɗumo ta raka mu filin jirgi da ƙullin ayaba, wai na Walida ne, ta ci da shinkafa. Ban sake ganinta ba, sai gaisuwa ta waya. Malam Juma kuwa na ji ya koma garinsu a bakin teku. Tsohuwar ko sunanta ban riƙe ba, ban san ko tana raye ba. Nakan sa su a addu'a tare da Inna, su ukun.

Yanzu a Al Nahda ƙwaryar tana kicin, kusa da tukwane. Gero nake saya a shagon Indiyawa, nono kuma na kwalba da Larabawa ke kira laban, ba su kai na gida ba amma suna yi. Juma'ar farko da muka dawo, bayan an sauko daga masallaci, na kirɓa fura na zuba a ciki. Na ɗauko ludayi ke nan Walida ta shigo, ta miƙo hannu. Tsohuwar al'ada ta motsa, na ce, "A'a, kada ki taɓa, za ki…"

Ta karɓe ludayin daga hannuna, ta zauna a ƙasa ta tanƙwashe ƙafa, ta jawo ƙwaryar gabanta.

"Umma, ki bar ni in dama. In ba a taɓa ta, fashewa za ta yi."